Mayafin Nelida

Montevideo, 20 ga Afrilu

Yaya Tabawa,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na dame ki, ga hidima ta yi miki yawa. Ya Malam da yara? Ya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau, sai sanyi da ya soma shigowa, ganye na ta zuba. Tsohuwar da nake jinya, Doña Amparo, ta ga ina rawar ɗari, ta ciro mini mayafin ulu na 'yarta Nelida, wadda ta rasu. Kullum da safe ita take yafa mini shi a kan suwaita, ta soke fil a kafaɗa tana mita: "Tsaya mana, kin rataya shi kamar shanya!"

Jiya da ta gama ta ce, "Kin yi kyau, Nelida." Yaya, na amsa. Shekara tara ba wanda ya gyara mini mayafi.

Ki tambayar mini Malam, ƙarya na yi? In ƙarya ce zan mayar mata, sanyi ba zai kashe ni ba.

Don Allah ki ba ni amsa da wuri, gobe ma za ta kira ni.

Ƙanwarki,
Hansatu