Ina So Faifan Ya Maƙale a Gindin Ɗorawa

Assalamu alaikum Hajiya Aina'u. Don girman Allah ki taimake ni, ki sa wasiƙata a gaban ta masu rikicin soyayya. Su suna iya jira, ni kuwa zama na jira na a zauren mai unguwa da zarar kasuwar Zakirai mai zuwa ta tashi, kuma mutuncina ne za a shimfiɗa a tabarma.

Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Zakirai da Gezawa. A wajenmu gonaki sun matsi juna, idan ka yi atishawa a taka, maƙwabci ne zai yi maka addu'a daga tasa. To, a kan iyakata da Malam Ja'afaru, abokin marigayi Babanmu, akwai wata ɗorawa. Ba ƙaramar ɗorawa ba ce, Hajiya. Kalwarta ce ke riƙe da sana'ar daddawar maiɗakina Furera, kuma Furera ba ta yafe kalwa ko da ƙwaya ɗaya ce. Bana matan gidan Malam Ja'afaru suka riga ta zuwa, suka kakkaɓe bishiyar tas. Ta dawo gida da kwando wayam, ta ajiye shi a gabana, tun ranar ba ta ɗauke shi ba.

Sai na tuna ƙanwata Khairat, malamar makaranta ce a Kano, ta taɓa ɗaukar Baba a bidiyo yana zagaya gonar yana nuna iyakoki, a damanarsa ta ƙarshe. Bidiyon na cikin kwamfutarta. Ta turo mini a filash, na je wajen mai tura finafinai a kasuwa ya buɗe mini. Ga Baba nan da sandarsa da malafarsa, yana faɗa da bakinsa cewa gonarmu ta tashi daga kukar nan ta dire har gindin ɗorawa. Ina jin haka hawaye ya zo mini, farin ciki ma ya zo, na ce a kashe haka nan ya isa. Ban zame ko'ina ba sai zauren mai unguwa. A gaban dattawa na bugi ƙirji na ce ina da shaidar da ba ta mutuwa, kuma duk wanda ya taɓa kalwar nan zai amayar da ita. Malam Ja'afaru na zaune a wurin, bai tanka mini ba.

Matsala ta farko, mai unguwarmu ba ya kallon shaida a waya ko kwamfuta. Tun lokacin da wasu marasa kunya suka ɗora fuskarsa a jikin wani mai rawa, aka yi ta yawo da shi daga waya zuwa waya har Dawanau, ya yi rantsuwa. Ya ce duk abin da ke cikin waya aikin hannu ne, amma abin da ya hau faifai ya hau ke nan, hannu ba ya shiga. Yana da na'urar DVD da ya zo da ita daga Hajji, an ɗinka mata riga, da ita yake kallon wa'azi idan an tada janareta. A cikinta kawai ya yarda a saka Baba.

Na kai wa mai tura finafinan nan, ya ɗora mini a faifai. Na kai zaure gwaji, na'ura ta haɗiye, ta yi ta gurnani, ta tofo shi. Ya sake wani, wannan karon muryar Baba ta fito amma babu hoto, matan gidan mai unguwa suka watse da salati. A na uku hoto ya fito, sai dai an matse Baba ya koma gajere mai faɗi, mutumin da duk garin nan aka san shi da tsawo. Mai unguwa ya duba ya ce shi bai san wannan bawan Allah ba. Mai turin ya ce laifin na'urar ne, ta tsufa. Wa zai faɗa wa mai unguwa haka?

Matsala ta biyu ita ce ta sa na rubuto, kuma ina roƙon ki karanta da kyakkyawan zato. Garin gwaje-gwajen nan ne na kalli bidiyon har ƙarshe, abin da ban yi ba da farko. Ashe da Baba ya isa gindin ɗorawa, ya tarar da Malam Ja'afaru yana hutawa. Suka gaisa, suka yi ta barkwanci irin nasu, Baba yana dariya har yana dafa bishiyar. Sai kawai ya ce wai ƙasar tamu ce, amma ɗorawar mahaifin Malam Ja'afaru ne ya dasa ta, tasu ce, mu aro muke yi saboda zumunci. Hajiya, ni na san Baba. Mutum ne mai kara, ba ya iya kallon idon mutum ya ce abu nasa ne. Ga rana, ga gajiya, ga tsufa. Ni a ganina wannan magana ba shaida ba ce, gaisuwa ce ta yi tsawo.

Na kira Khairat na ce ta rage bidiyon don ya shiga faifai. Ta ce ko awa ɗaya bai kai ba, zai shiga har ya miƙe ƙafa, ta kashe wayarta. Haka karatu ke mayar da ƙanne.

Don haka tambayoyina biyu ne. Yaya ake juya bidiyon kwamfuta ya hau na'urar mai unguwa, Baba ya fito da tsawonsa? Sannan, tunda duk faifan da ke zauren nan sai ya maƙale a wani wuri, har na wa'azi, kowa ya saba, ko akwai dabarar da za a yi nawa ya maƙale daidai lokacin da Baba ya iso gindin ɗorawa? Ba na son yanka, yanka ha'inci ne. Maƙalewa kuwa daga Allah ce. Amma in da hali ya saki daga baya, domin a can ƙarshe Baba ya juyo ya ce hankalinsa a kwance yake tunda babban ɗansa mai riƙon amana ne, ya sa mini albarka da sunana. Wannan wurin ina so dattawa su ji shi sosai.

Na rasa barci, kwandon Furera yana nan yana kallona. A taimaka.

Naki, Mai Ɗorawa, daga yankin Zakirai.

*

Wa alaikumus salam, Malam Mai Ɗorawa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Sunan da ka sa wa kanka ma sai mun sake duba shi, amma bari mu fara da mai sauƙin.

Na'urar mai unguwa lafiyarta ƙalau. Mai turinka kwafe bidiyon kawai yake yi ya zuba a faifai yadda yake zuba wa mutane a waya, tsohuwar na'ura kuwa ba ta gane wannan zubin. Ka nemi shagon masu ɗaukar bidiyon biki, a Gezawa ko a Kano, ka ce a juya maka shi zuwa tsarin bidiyon DVD da manhajar da ake haɗa faifan biki, ba kwafe ba. A zaɓi tsarin PAL, shi talabijin ɗinmu suka fi sani. A bar hoton a fasalin da aka ɗauke shi, ko da baƙi zai fito a gefe, kada a ja shi don ya cika gilashi, nan ne aka gajarta maka Baba. A sa sabon faifan DVD-R, a ɗora a hankali ba da gudu ba, a rufe faifan idan an gama. Ka gwada shi a wata na'urar kafin ka bar shagon. Khairat ta yi gaskiya, faifai ɗaya yana ɗaukar kusan awa biyu, Baba zai shiga har da sandarsa.

Tambayarka ta biyu kuwa, na san amsarta, kuma ba zan ba ka ba. Maƙalewar da aka biya aka shirya ba daga Allah take ba, yanka ne ya sa babbar riga.

Ban ce ba ka da abin faɗa ba. Ƙasar taka ce, Baba ya faɗa. Inuwar ɗorawa tana cin geronka, kuma sana'ar Furera ba abin wasa ba ce. Gidan da aka daɗe ana raba kalwa da shi bai kyautu a wayi gari an kakkaɓe bishiya ba ko sallama. Duk wannan kana iya faɗarsa da kai a sama. Amma ka tsaya ka yi tunani. Malam Ja'afaru yana cikin bidiyon nan. Da shi aka yi maganar, da shi aka yi dariyar. Ya ji ka bugi ƙirji a zaure bai ce uffan ba. Ko dai yana jira ka faɗi a gaban jama'a, ko kuma yana ba ɗan abokinsa lokaci ya dawo hayyacinsa. Ni na fi zaton na biyun. Ga kuma Khairat da cikakken bidiyon a kwamfutarta, kuma yadda ta kashe maka waya ban ga alamar za ta rufa maka wannan asirin ba.

Ga shawarata. Ka sa a yi faifai biyu, cikakku. Tun kafin ranar zama ka ɗauki ɗaya da goronka ka tafi gidan Malam Ja'afaru, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ake gaida uba, ka ce ka yi gaggawar magana kafin ka kalli ƙarshe. Ka roƙe shi aron da yake ba Baba ya ci gaba, a sa wa matan gidajen biyu tsarin rabo, a kuma rage rassan da suka rufe maka gero. Dattijon da ya yi shiru har yau da wuya ya hana ka. Daga nan ku tafi zaure tare. Za a ɗan yi maka dariya, kada in ɓoye maka, amma dariyar kasuwa ɗaya ce. Idan aka kama ka da faifan da aka koya wa maƙalewa, jikokinka ma sai an nuna su da baki. Furera kuma ka zaunar da ita ta kalla da idonta, sannan ta ɗauke kwandonta. Batun cewa hannu ba ya shiga faifai, wani ya daure ya faɗa wa mai unguwa gaskiya wata rana, amma kada ya zama kai ne za ka tabbatar masa a aikace.

Abu na ƙarshe, ɗan'uwana. Ka ce kana so dattawa su ji inda Baba ya kira ka mai riƙon amana. Amanar da yake nufi ita ce maganar da ya yi a gindin ɗorawa, wadda kake so faifai ya tsallake. Ba zai yiwu ka cire amanar ka riƙe yabon ba. Kuma wurin nan da kake neman a toshe, shi ne hoton ƙarshe da kuke da shi na mahaifinku yana dariya. Ka bar shi ya yi dariyarsa har ƙarshe, sannan albarkar da ya sa maka ta zo ta same ka a inda ya bar ka.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa ɗorawar ta yi 'ya'yan da za su ishi gida biyu.

Taku, Hajiya Aina'u.