Katakon da Aka Ɓoye a Kurmin Bagaruwa

Njamena, Maris 1997

Yaya Zulkiflu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Garwa. Inna tana gaishe ka.

Bayan haka, ranar Talata da hantsi na shiga kurminmu na bakin kogi, ƙasa da gadar Ngueli, tsintar bagaruwa. Sai na ga gari ja-ja a gindin itatuwa kamar an yi niƙa. Na ɓare ɓawo, na tarar da huji-huji da wasu baƙaƙen ƙwari, ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Ban taɓa ganin irinsu ba. Na bi garin nan har inda aka jibge katakon da ka tsallako da shi a kwalekwale don gudun 'yan duwan, masu karɓar kuɗin fito. Duk ya rarake, daga cikinsa suke fitowa. Itatuwan da ke kusa da shi su suka fara bushewa.

Ka ba ni izini in ƙone shi kafin ruwa ya cika kurmin. Ka san ba mu kaɗai ke ci a nan ba, majeman unguwa duk da bagaruwar nan suke jima.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Halliru

Garwa, Mayu 1997

Halliru,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarka ta iso. Ƙwaro halittar Allah ne, tun ba a haife ka ba yake cin itace. Kada ka taɓa mini kaya, kada kuma in ji zancen katako a bakin kowa. A gaishe da Inna.

Wassalam,
Alhaji Zulkiflu

Njamena, Janairu 2002

Yaya,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyar yara.

Ban taɓa katakon ba, ban kuma faɗa wa kowa ba. Ka kwashe kayanka, ƙwarin suka zauna. Bagaruwarmu ta ƙare, sun shiga ta maƙwabta. Giyayya ce ba sa ci, ita ta cike gurbin, ita da sarƙaƙiya. Mai hangowa daga kan gada cewa zai yi kurmin kore shar. Amma giyayya ba ta jeme fata, Yaya.

Jiya majema suka kai ni gaban bulama, mai unguwarmu. Falalu, babbansu, ya ce, "Kai yaro, kai ke wuni a kurmin nan. Mugun itacen wa ka ajiye mana?" Na yi shiru. Ya ce, "Kalas, shi ke nan, shirunka ya amsa." An yanke cewa in Babbar Salla ta wuce ban kawo mai katakon ba, za a raba ni da kurmin da Baba ya bar mana. Magana ɗaya nake roƙo, ka rubuto ka ce naka ne. Kana wata ƙasa, ba abin da za su iya yi maka.

Allah ya ƙara girma.
Halliru

Garwa, Fabrairu 2002

Halliru,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarka da mamaki. Wane katako? Ni atamfa nake sayarwa, duk kasuwa ta sani. In sakacinka ya kashe gadon ubanmu, kada ka shafa mini. Wa ya gani?

Wassalam,
Alhaji Zulkiflu

Njamena, Afrilu 2002

Yaya,

Salamu alaikum.

Ka ce wa ya gani. Inna ta gani. Fura ta kawo mini ranar da ake sauke katakon, ta tsaya har kwalekwalenka ya juya.

Bulama ya aika yaronsa Goudji aka ɗauko ta. Bulama ya ce, "Hajiya, katakon nan na wane ne?" Ta rufe fuska da mayafi, ta ce ita ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari ba, ba kuma gaban maza za ta fara ba. Kowa a wurin ya gane, har Falalu ya sunkuyar da kai. Bulama ya ce shaida sai da suna.

An karɓe kurmin. Shaidata ke nan, Yaya, ita kaɗai: wadda ta haife mu.

Ka huta lafiya.
Halliru