'Yar Tsanar Cikin Kwali

Litinin, 3 ga Maris
Na dawo daga bitar koya wa iyaye tarbiyya ba da duka ba. An ba ni takardar shaida da kwali: katunan hotuna da 'yar tsana. Tsarin shi ne in tara iyaye mata, in ɗora 'yar tsanar a cinya, in riƙa yi mata magana kamar 'yata, suna kallo suna koyo. A wurin bita na yi, har da tafi. To, can ba wanda ya san ni.

Laraba, 12 ga Maris
Ɗakin da babbar sistar asibitinmu ta yi mini alkawari ya koma sito. Ta ce, "Ki gama da layin rigakafi tukuna." Layin da ba ya ƙarewa! Na tura kwalin ƙarƙashin tebur. Abin kunya, sai na ji sanyi a raina.

Alhamis, 20 ga Maris
Wata mai ɗinki ta kawo 'yarta, ba ta fi shekara huɗu ba. Ina ɗaga hannu zan taɓa goshinta, yarinyar ta kare kanta. Uwar ta sunkuyar da kai. "Sista, wallahi ba na so, hannun ne ke riga ni. Babanta ya ce in ban daina ba zai kai ta wurin yayarsa. An ce kina da aji?" Na ce mata sai an sami ɗaki.

Juma'a, 4 ga Afrilu
A layin awo wata ta ce, da ƙarfi don in ji, "Wadda ba ta taɓa goyo ba ce za ta koya mana?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, don kada a gane. Ba ƙarya ta yi ba. Ciki nawa ya zube mini, ba wanda na taɓa ji ya yi kuka. In rungumi tsumma a gaban waɗannan matan in ce "'yata"? Da wane baki?

Talata, 15 ga Afrilu
Mai ɗinki ta sake leƙowa. Na ce har yanzu ba ɗaki.

Talata, 6 ga Mayu
An kai 'yar mai ɗinki wurin yayar baban. Uwar ce ta tsaya a bakin taga ta faɗa mini, ko hawaye babu. Wai da aka zo tafiya, yarinyar ba ta ko waiwaye ta ba. "Ba laifinki ba ne, Sista, ai ba ki da ɗaki." Da ma zagina ta yi. Na shiga sito na yi kuka tsakanin kwalayen safar hannu. Ashe akwai wurin da mutum biyu za su zauna a ciki.

Laraba, 18 ga Yuni
Mai ɗinki ta zo awo, wani cikin gare ta. Ba ta tambayi aji ba, ta daina. Bayan an tashi na ce ta ɗan jira ni a bencin baranda. Ba aji na buɗe ba, kar in ruɗi kaina, kwalin ne kawai ya ishe ni da tokarin ƙafa. Na kaɗe ƙura, na ɗora 'yar tsanar a cinya, na ce, "Sannu, 'yata, kin kyauta." Muryata ta karye, na kasa ci gaba. Mata biyu masu wucewa suka tsaya. Ba wadda ta yi dariya.

Mai ɗinki ta miƙo hannu ta gyara mini riƙon, wai kan 'yar tsanar zan tallafa. Sannan ta ce, "Sake faɗa, Sista, a hankali. Ranar Asabar za a bar ni in je in ga 'yata."

Na sake faɗa.