Bindigar Keely da Mabuɗin da Ke Wuyana

Ni Glenys Tierney, matar marigayi Clarrie Tierney, mai gonar tumaki a kan hanyar Louth, bayan garin Cobar, da hannuna nake rubuta wannan, kuma hankalina garau yake. Likita ya ce ciwon ya gama da hanta ya nufi huhu, amma bai taɓa kaina ba. Don haka kada wani a cikinku ya ce allurar kashe zafi ce ke magana. Ni ce. Gona da gida da 'yan tumakin da fari ya rage mana, lauya ya riga ya rubuta yadda za ku raba, kuma ba su ne ke cin raina ba. Wannan takardar taku ce ku biyu, 'yata Bernice da ɗana Rodney. Ku karanta ta tare a ɗaki ɗaya, ko da kowa zai juya wa ɗan'uwansa ƙeya. Kada jikata Keely, 'yar Rodney, ta gan ta.

Na ɗaya. Mabuɗin akwatin ƙarfen da bindigogi ke ciki yana rataye a wuyana. Bernice, ke za ki cire shi, kafin a kira fadan cocinmu, kafin a kira masu akwatin gawa, kafin ki zauna yin kuka. Ki zo da mijinki Len da motarsa, ku kwance akwatin daga bango ku kai shi gidanki a gari a ranar. Lasisinki na bindiga bai mutu ba, na bincika. Ki sanar da 'yan sanda yadda doka ta ce. Rodney, ba za ka taɓa mabuɗin nan ba, ko da wasa.

Bernice ba ta san dalili ba, kuma ba ni da sauran lokacin rufa-rufa. Ka yi haƙuri, ɗana, zan faɗa.

Bara, da tafkinmu na ƙarshe ya ƙafe, ciyawar saye ta gagara, Rodney ya haƙa rami da tarakta ya harbe tumakin da ba sa iya tashi. Tumakin da ya karɓi haihuwar iyayensu da hannunsa. Ya dawo ya ci abincinsa kamar kullum. Bayan 'yan kwanaki maƙwabcinmu Ned Kowald ya bugo mini waya, ya ce, "Glenys, ɗan nan naki lafiyarsa kuwa? Ya kawo mini Pepper da sarƙarta da kwanon cinta, wai in riƙe. Wane mahaukaci ne ke kyauta da karya mai korar tumaki irin wannan?" Ban tsaya mayar da kan wayar ba. Da tsakar rana tsaka na same shi a rumfar askin tumaki, zaune a kan damin ulu, ya yi aski, ya sa riga mai tsabta a ranar aiki, tsohuwar bindigar ubansa tana kan cinyarsa. Na ce, "Miƙo nan, maciji ne a ƙarƙashin tankin ruwa." Ya ce, "Bari in zo in kashe miki, Mama." Na ce, "Tun ba a haife ka ba nake kashe macizaina. Miƙo." Ya miƙo. Babu wani maciji, kuma ya sani. A ranar na kwashe duk bindigogin gonar na kulle a ɗakina, na rataya mabuɗin. Da shi nake wanka, da shi aka shigar da ni ɗakin tiyata bayan na yi faɗa da ma'aikaciyar jinya. Ni da shi ba mu taɓa ta da maganar ba.

Yanzu wuyan da mabuɗin ke rataye a kai zai shiga ƙasa. Abin da nake tsoro ke nan, ba mutuwar ba. Ina jin tsoro ƙwarai, Bernice, irin wanda ban taɓa ji ba.

Na biyu. Tsohuwar bindigar Clarrie mai baki biyu, lamba goma sha biyu. Rodney, tun da Keely ta cika sha biyu ta sami takardar izinin harbi ta yara kake damuna cewa ita ya kamata a ba. "Ta kakanta ce, Mama, da ita na koya." Na san da ita ka koya, ina nan. Na ga kafaɗarka ta yi baƙi kamar an zuba mata tawada, ubanka yana dariya yana cewa, "Namiji ne, zai saba." Abin da ka saba da shi shi ne runtse ido kafin ka ja kunama, kuma sai da ka yi shekara kana fama kafin ka daina. Allah ya ji ƙan Clarrie, ya san tumaki, bai san yara ba. Bindigar nan ta kusa kai tsawon Keely. In ta ɗaga ta, nauyin zai sa ta gantsare baya, harbin farko kuma zai zaunar da ita a ƙasa, daga nan ta tsani abin har abada. Wannan dalilin kowa zai iya ji. Ɗaya dalilin ni da kai muka sani: in aka ce ta Keely ce, a gidanka za ta riƙa kwana. A kai ta wurin Vince Spiteri mai shagon bindigogi, ya toshe ta da walda ta yadda ba za ta ƙara tashi ba. Bayan haka duk mai so ya rataye ta a bango saman murhun ɗumama ɗaki ya yi ta kallo.

Na uku. Bindigar Keely na riga na zaɓa, tana shagon Vince da sunan Bernice a kai. Watan jiya, da muka fito daga asibiti, na ce wa yarinyar mu biya. Tun da yanyawa ta cinye 'yan ragunan da Keely ta rena da kwalba take maganar bindiga, ga shi kuma ta ga 'yan mata sa'anninta suna harbin faifan yumɓu da ake cillawa sama a filin kulob ɗin 'yan harbi ranar Lahadi. Vince ya fara fito mana da ƙaramar nan mai siririn baki da kowa ke saya wa yara don ba ta da shuri. Na ce ya mayar. Ƙwayoyin da ke cikin harsashinta ba su da yawa, sai gwani ke samu da ita. Yaro ya yi ta harbi yana kuskurewa, ya ɗauka shi ne bai iya ba. Na zaɓi mai lamba ashirin, wadda ta fi ta Clarrie sauƙi nesa ba kusa ba, baki biyu ɗaya bisa ɗaya, irin wadda ake karyawa a tsakiya. Na zaɓe ta ne don in ta rataye ta a hannu a karye, ko daga ƙofar gida mutum zai hango babu komai a cikinta. Ta hannu ce, amma cikinta tas.

Keely ta juya ta, ta yamutsa fuska ta ce, "Kaka, wannan ai mummuna ce, duk ta goge." Na ce, "Ke ma mummunar ce, amma ga shi muna riƙe da ke." Ta ce, "To ai ke na gado." Vince ya yi dariya har da tari. Da ta ɗora ta a kafaɗa ta bi wani ƙuda a jikin silin da bakin bindigar, idanunta duka biyu a buɗe, sai na ga tsayuwarka, Rodney, kafin ubanka ya ɓata ta.

Abu ɗaya ne bai yi ba. Katakon gindin, wanda ake jinginawa a kafaɗa, ya yi mata tsawo. Vince ya auna daga lanƙwasar gwiwar hannunta zuwa yatsa, ya ce sai an rage kusan faɗin tafin hannu. Kun san yadda gidan Tierney ke yi. Ba ma yanke katako mu yar. Yanka shi ake yi fala-fala kamar burodi, a adana, yaro yana girma ana mayar masa ɗaya bayan ɗaya har bindiga ta koma tsawonta. Haka aka yi wa Clarrie da ta farkonsa, duk da shi bai yi maka ba. Yankakkun na bindigar Keely suna cikin gwangwanin biskit ɗina mai hoton jirgin ruwa.

Na huɗu, kuma a nan nake roƙo, ba umarni nake bayarwa ba. Gwangwanin zai zauna wurin Bernice. Amma babu mai mayar da katakon nan sai Rodney. Na sa Vince ya rantse ba zai taɓa ba, Len kuwa ko ƙusa ya buga sai ta lanƙwashe, ya yi mini haƙuri. Duk shekara in an gama askin tumaki, Rodney, ka auna hannun 'yarka, ka karɓi yanki ɗaya daga hannun yayarka, ka ɗaura shi a kan teburin kicin ɗinta, ka goge shi har ya bi jiki. Duk gidan nan kai kaɗai ke da hannun wannan aiki.

Kuma duk Lahadi bayan an taso daga coci, ka kawo Keely gari. Bernice ta buɗe akwati, ita za ta riƙe harsasai, ku tafi filin kulob ku uku, a dawo ta kulle. Doka ta ce sai da babba mai lasisi a gefen yaro, kuma Bernice ta isa wa doka. Ba ta isa wa Keely ba. A mota muna dawowa yarinyar ta ce mini, "Kaka, Baba ne zai tsaya a bayana, ko? In ba shi ba ni dai a bar shi kawai." Uwarta ta tafi Dubbo ba ta waiwayo ba. Ni ga ni nan ina haɗa kaya. Ka duba da kyau ka ga wanda ya rage mata.

Na biyar. Gabar da ke tsakaninku ta ƙare ranar da aka binne ni. Ina zaune a teburin Kirsimeti lokacin da Bernice ta ce, "Ka sayar da wannan ƙurar kafin ta binne ka." Kai kuma ka ce, "Ke da kika gudu gari kina lasar kan sarki a gidan waya, bakinki ya fita daga maganar gona." Tun daga nan sai gaisuwa ta bakina, kamar ni ce gidan wayar. Bernice, tsoro ne ya sa kika faɗi haka, na sani, amma bakinki irin nawa ne, yana yanka inda ba a nufa ba. Kada ki ƙara yi masa maganar sayarwa. Ki gasa cinyar rago ranar Lahadi, ki cika masa faranti, ki bar shi ya yi shirunsa. Amma idonki ya kasance a kansa. In kika ji ya fara rabon kayansa, ko kika ga ya zo miki fes a ranar da ba ta kwalliya ba, yana fara'ar da ba ki san dalilinta ba, kada ki bar shi ya koma gona shi kaɗai. Ki ɓoye mabuɗin motarsa, ki tare ƙofa, ki kira likita, ya zage ki in ya ga dama. Zagi ba ya kisa.

Na shida. Bashin da ke kaina ɗaya ne, na Ned Kowald, wanda ya ɗaga waya a ranar nan. A ba shi sirdin Clarrie, ya daɗe yana sha'awarsa. Rodney, kai za ka kai masa da kanka, ka dawo da Pepper. Ned ya ce har yau in ta ji ƙarar mota sai ta ruga bakin shinge. Sannan matar nan mai ba masu damuwa shawara, da ke zuwa daga Dubbo ranar kasuwar tumaki, wadda manoma ke shiga wurinta ta ƙofar baya su faɗi abin da ke cin su, ka je ka gan ta. Na san za ka ce me mutane za su ce. Ned ma yana zuwa. Shi ya ce in gaya maka, ya ce in kana jin kunya ku shiga tare, a ɗauka cinikin rago kuka je yi.

Bari in taƙaita. Na roƙi Allah ya ƙara mini ko shekara biyu, ba don ina marmarin duniya ba, don in ci gaba da riƙe mabuɗin nan har ruwa ya sauka. Bai ba ni ba. Na yi fushi, na yi kuka, fada ya ce in miƙa wuya, na ce masa shi ba shi da ɗa. Da na rasa yadda zan yi, sai na koma shagon Vince ni kaɗai ranar da zai sa zarto. Ya ce, "Glenys, yanki uku sun isa, yarinya ai ba za ta yi ta girma har abada ba." Na ce, "Yanka su sirara." Ya ce, "Sirara kamar yaya? In na bi taki sai ta yi aure ba a gama mayarwa ba." Na ce, "Iyakar sirantar da zartonka zai iya." Ya ajiye abin awonsa ya dube ni, sannan ya ɗauki zartonsa.

Don haka in kun buɗe gwangwanin za ku ga sun fi abin da hannun yarinya ke bukata. Ba kuskuren Vince ba ne. Wata shekarar bindigar za ta ɗan gaza wa Keely, za ta yi ƙorafi, ku bar ta ta yi. Ba hannunta na auna ba, Rodney. Ba ni da igiyar da zan ɗaure ka da ita, ba ni da sauran ƙarfin da zan ce maka akwai maciji a ƙarƙashin tanki. Abin da nake da shi ke nan, 'yan katakai a gwangwanin biskit.

Allah ya yi muku albarka ku biyu, ya shirya Keely, ya daidaita idonta da zuciyarta. Allah ya saka wa Len da Ned da Vince. Allah ya kawo ruwa a ƙasar nan, ya cika tafkuna, ko ban gani ba. Ku riƙe juna. Teburin Lahadin nan kada ya watse, ko kun yi faɗa ku zauna a kansa ku yi faɗan. Bernice, na ba ki amanar ƙaninki. Rodney, na yafe maka tsoron da ka ba ni, kai ma ka yafe mini tonon da na yi maka.

Yanki ɗaya a shekara, ɗana. Kada ka haɗa biyu.

Mahaifiyarku,
Glenys Tierney