Kabewar Baba da Hannuna a Ciki

Gwaggo Larai, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

Mahaifina, Malam Ado, ya shekara ashirin yana aikin lambu a gidajen Turawa kafin ya zauna a Badarawa. Yana da wani irin kabewa mai zaƙi da ya tace da kansa. Da sassafe yake ɗebo garin furen namiji da gashin kaza, ya shafa wa macen, ya ɗaure bakinta da zare don kada ƙudan zuma su kawo wani garin. In kabewar ta nuna ya shanya irin, ya raba wa mutane har Rigasa.

To, shekara biyu ke nan yanar ido ta rage masa gani. Sai in ga yana shafa wa namiji garin namiji, ya ɗaure, yana murmushi. Ban iya faɗa masa ba. In ya shiga shan koko sai in zagaya in shafa wa furanni mata. Kabewa ta yi kyau, ana ta yaba masa, shi kuma yana cewa hannunsa bai tsufa ba.

Yanzu an tura ni koyarwa Birnin Gwari, a sabon shirin firamare kyauta. Damina mai zuwa ba na nan. In faɗa masa, ko in bari ya gane da kansa?

Taki, 'Yar Mai Lambu.

Amsar Gwaggo Larai: 'Yata, tausayi ne ya sa ki, ba yaudara ba, Allah ya yi miki albarka. Amma shirunki ya hana shi neman magani shekara biyu, kuma in kin tafi haka, irin zai gurɓace, ya ji kunyar a gaban mutane, shi kaɗai.

Ki faɗa masa, amma a cikin lambun, da safe. Kada ki fara da kuskurensa. Ki ce kin koyi aikin daga kallonsa, ki nuna masa. Sannan ki ɗora yatsansa a gindin furen mace, inda 'yar kabewar take. Abin da ya yi shekara ashirin yana gani, yatsa zai gane shi cikin mako guda. Mahaifiyarki ta riƙa ɗaure masa zaren.

Kafin ki tafi, ki kai shi asibitin ido. Ana cire yanar ido. Kuma ki roƙe shi irin ki tafi da shi Birnin Gwari. Ki bari shi ya zaɓa miki.

Allah ya ba shi lafiya, ya sa ki fara aiki a sa'a.