Likkafanin da Ya Rage a Akwati

Zuwa ga Mairama, sanyin idona, ruwan randata in rana ta take a kan duwatsun Makka, tattabarar Harami wadda hannu bai isa ya taɓa ba, uwar 'ya'yana, abokiyar tsufana! Sallama daga wanda ya kwana takwas bai ji muryarki ba. Mukhtaru tela ne ke rubuta mini, kin san ni da alƙalami ba mu taɓa shiri ba, amma na rantsar da shi kada ya gyara mini ko kalma ɗaya.

Shekarar da wuta ta ci tantunan Mina, ta farkon nake nufi, ba ta baya ba, a shekarar na fara ganinki. Shekara hamsin ke nan. Ina ɗan garuwa, na kai ruwa gidan bikin 'yar Zali mai nama, iska ta ɗaga labule, sai ga ki a tsakiyar mata ana kiɗan ƙwarya, kina juyi kamar reshen dabino da iskar asuba ta biyo ta kansa. Wayyo ni! Na tsaya baki buɗe har ruwan ya zube a ƙafata, aka kore ni ba lada. To ni ne yau zan ce rawa abin ƙi ce? Rawa ce fa ta ba ni ke.

Saboda haka ki daina faɗa wa 'yarmu Kabira wai kunyar jikarmu Shahad nake ji. Shahad ta shiga makarantar rawa ta mata a Jidda, ban ce uffan ba. Rawar Turawa ce ta mutum biyu-biyu, ita da ƙawarta Abir a riƙe hannu ana shawagi, ban gane kanta ba, amma ban hana ba. Gasa ta zo, kika kwashe kaya kika koma gidansu a unguwar Ka'akiyya, nan cikin Makka, ɗinka mata riga, na yi faɗa, eh na yi, kuma ban janye ba. Ba rigar ce ta dame ni ba. Cewar da kika yi za ki bi su Jidda ranar gasar, wato gobe, ita ce ta hana ni cin abinci.

Na san hujjarki. Tun tana tatata ke kike tafa mata, ɗaya, biyu, uku, har yau in ba ta ji tafinki ba ƙafarta ruɗewa take yi. To amma Shahad 'yar ƙasa ce, ubanta ɗan ƙasa ne. Ke fa? Ni fa? Wace takarda gare mu, mu da muka zo Hajji muka maƙale? Fita daga Makka ba wuya, hasken raina, dawowar ce. A shingen Shumaisi za a tsayar da mota, a leƙo, a ce iƙama, wato takardar izinin zama. Ina riƙe da sunayen waɗanda aka kama kaf a kaina: Muhsin mai tura keken alhazai, ya je jana'iza, Rumasa'u mai awara, ta je ganin jika, matar Abdulganiyyu, ta bar tukunya a kan wuta wai yanzu za ta dawo. An ɗauki hoton yatsunsu, an sa su jirgi. Wa ya sake ganin ƙeyarsu?

Jiya na buɗe akwatin ƙarfe neman carbina. Likkafani biyu muka wanke da zamzam, muka shanya a rufin ɗaki, muka naɗe tare, muka yi alkawarin ƙasar Makka ce za ta rufe mu. Ɗaya na tarar. Ɗaya, Mairama! Ashe kin sani. Ashe kin auna komai, kika ɗauki naki kika fita ba ki ce mini komai ba. Wane irin ƙarfin hali ne wannan, ya ke tauraruwar da nake duba hanya da ita? Ki tafi a binne ki a garin da ba sauran wanda ya san sunanki, ni in zauna nan ina gadin kabarin da babu ke a gefensa?

Ina roƙonki ki fasa, ko da yake na san ba za ki fasa ba. Taurin kan nan tare muka tara shi. Shekara hamsin ban taka wajen Makka ba don kada mutuwa ta riske ni a wani wuri, kowa ya san ni da wannan. Sai da na ga likkafanin nan shi kaɗai na gane ba ƙasar kawai nake so ba. Naki ne ni a nan, naki ne a duk inda jirgi ya sauke ki, naki ne ranar da za a tashe mu.

Gobe in na idar da sallar asuba zan naɗe nawa in sa a leda, in zo Kudai inda motarku za ta tashi. Ki ce wa Kabira ta koma gaba, kujerar kusa da ke tawa ce. In yarinyar ta fito zan taya ki tafi, ko da ban iya ƙidayar ba. In kuma an tsayar da mu a hanyar dawowa, ni zan fara miƙa yatsuna.

Naki har ƙasa ta rufe ido,
Abdulbaƙi