Turancin da Ya Kusa Raba Ni da Maigidana

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da gwiwar nan taki mai kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ni lafiya ƙalau, sai kewa.

Kin tambayi labarin maigidana, jikan nan nawa ɗan ɗana Babban. Yana nan, kai kamar tulu, amma Hausa ko "zo in kashe ka" bai sani ba. Uwarsa ma haka, Turanci zalla. Tun zuwana gidan nan nasu na ƙasar waje ina zaune da jika ban tsokane shi ba, kin kuwa san wannan ciwo ne a wurina. Shi ya sa na koma makaranta da furfurata. Malamata tela ce a ƙasan benenmu, tana jin harshenmu. Ina warware mata ɗinkin da ya karkace, tana ba ni kalma. Na ce ba na son Turancin littafi, ta ba ni na titi. Mutanen nan komai sai sun liƙa masa "op": wek op, hori op, shot op, kamar masu shaƙuwa. Na iya "big hed", ƙaton kai ke nan, na iya "lezi", malalaci, na iya "ogili", wato mummuna. Jiya da na ɗauko shi daga makaranta na zazzage masa su duka, na ƙara da "mai hosban", wato mijina. Ya yi dariya har jakarsa ta faɗi. Da ya nemi abin ramawa, na ba shi da Hausa, don kada in yi wasa ni kaɗai.

Ki gaida kowa.
Yayarki, Bakin-tsiya

Ƙanwata,

Ina gaisuwa, ina fatan jiki da sauƙi. Ni kam ba lafiya ba, na jawo wa kaina.

Malamarsu ta ce kowane yaro ya faɗi sunan da ake kiransa a gida. Maigidana ya miƙe da alfahari ya jero mata duk abin da na koya, har da cewa shi mijin kakarsa ne. Aka kira uwarsa daga wurin aiki. Ta dawo ido jawur, ta wuce ni a falo ko kallo babu, ta ja Babban zuwa kicin ta rufe ƙofa. Da Turancin nan nawa na bala'i na tsinci "send ha bak". Wallahi na so a ce ban iya ba. Tela ta tabbatar mini, mayar da ni gida ake nufi.

Yanzu an hana ni zuwa ɗauko shi daga makaranta, wata mata aka ɗauka. Ɗakina yana kallon nasa, amma an ce kada ya shigo. Ina jin takunsa ya zo bakin ƙofa ya tsaya, ni kuma in yi shiru in kama carbi, don ina tsoron bakina. Na daina ce masa komai sai sannu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Babban. Shi da Innarmu ta yi ta kira mai kunnen zomo har ya yi gemu, ya kasa buɗe baki ya gaya wa matarsa wasan kaka da jika ne. Sai sosa ƙeya yake, wai in yi haƙuri, nan ba haka ake yi ba. Ban ga laifin yarinyar ba. Wace uwa za ta ji an ce wa ɗanta mummuna ta yi tafi? Ranar hutunsu za a zauna da ni. Tela tana ta koya mini ban haƙuri, ina haddacewa yana zubewa. Ki sa a share mini ɗakina, ki kuma sa ni a addu'a.

Yayarki

Ƙanwata ta kaina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ga yadda aka ƙare.

An zaunar da ni a kujerar falo kamar mai gaban alƙali. Ita tana gefe ta harɗe hannu, Babban yana ta juya waya a hannunsa, na kuwa san tikiti yake dubawa. Na buɗe baki in kawo haddata, sai kaina ya zama fanko. Ba abin da ya rage sai "hori op", shi kuma ba wurinsa ba ne. Gumi ya jiƙe mini mayafi.

Sai ga maigidana ya fito da safa ƙafa ɗaya. Ya tsaya gabana ya riƙe ƙugu, ya ce da Hausa tiryan-tiryan wai tsohuwa mai wawulo, ya sake ni, ban iya miya ba. Ya tsaya yana jira. Na dubi uwarsa, na haɗiye amsata. Da ya ga na yi shiru sai ya fashe da kuka, ya faɗa jikinta yana magana da sauri. Nan ma na tsinci guda: "gib op". Wai kakarsa ta haƙura da shi, ta daina sonsa, tunda ta daina ce masa ƙaton kai.

Sai a lokacin bakin Babban ya buɗe. Ya ba matarsa labarin Inna da kunnen zomo. Ta daɗe tana kallonsa, har da kunnuwan. Ta tambaye shi me ya hana shi faɗa tun farko, ya sosa ƙeya. Daga nan ta juyo da yaron ta fuskantar da shi gare ni, ta ɗaga mini kai. Na ce masa big hed, wa zai aure shi in ba ni ba. Da gudu ya zo ya kusa karya ni.

Sharaɗinta ɗaya: a gida kawai, kuma da Hausa, don kada malama ta sake ji. Kin ga duk wahalata ta tashi a banza, yanzu ni ce malama. Ɗalibaina biyu, don ɗazu ta same ni a kicin tana tambaya yadda ake faɗin kunnen zomo.

Ɗakin nan ki bar shi a rufe tukuna.

Taki har kullum,
Bakin-tsiya, matar Ƙaton Kai